Tanti mai tsawon mita biyu, shuka ta samu santimita 90

A jikin kwalin tantin an rubuta 120 × 120 × 200. Santimita ke nan: faɗi, zurfi, tsawo. Lambar ƙarshen ce ta ja ni na saya, kuma a kanta nake so in yi magana, don duk wanda ya ga 200 zai ɗauka shukarsa ce za ta ci wannan tsawon. Ba haka ba ne, ko rabi ba ta samu.

Ga wanda bai san kayan ba, tanti ne na noma a cikin ɗaki. Sandunan ƙarfe ne ake harhaɗawa su ba da kusurwa huɗu, a lulluɓe su da yadi mai kauri, baƙi ta waje, ta ciki kuma an manna masa leda mai sheƙi da ke mayar da haske kan ganye. Akwai zif a gaba, akwai kafofi masu zariya a sama da gefe inda bututun iska ke bi, akwai farantin leda a ƙasa da ke tare ruwan da ya zuba. Tare da shi na sayi fitilar LED mai cin wat 300, da fankar zuƙar iska, da matatar gawayi, da wata raga ta roba mai ƙugiyoyi. Tumatir da barkono nake shukawa, a ɗakin da rana ba ta leƙa shi.

Haɗa shi bai ba ni wahala ba. Sandunan suna da lamba, kowace ta san gidanta, kusurwoyin kuma na ƙarfe ne, abin da na yaba ƙwarai domin na roba tsagewa suke yi in an rataya nauyi. Mutum ɗaya zai iya, sai dai wajen ɗora yadin kan firam ɗin zai so a riƙe masa gefe guda. Ɗinkin yana da kyau. In ka shiga ciki ka ja zif da rana, 'yan ɗigon haske kaɗan za ka gani a layin allura. Nan ba ni da ƙorafi.

Yanzu ɗauko abin awo mu yi lissafi. Da farko 200 ɗin nan daga waje aka auna, daga ƙasa zuwa ƙarƙashin sandar sama ya gaza haka da 'yan santimitoci. Bar wannan ma. Matatar gawayi da fanka a can sama ake rataye su, saboda iska mai zafi sama take taruwa, su da maɗaurinsu sun cinye kamar 25. Fitila tana ƙarƙashinsu, ita da igiyoyinta 15. Tsakanin fitila da kan shuka dole a bar tazara, takardar da ta zo da tawa ta ce 40 in an ƙure haskenta. Tukunya da abin da aka ɗora ta a kai, 30. An tashi 110. Saura 90. Wannan shi ne gidan shukarka na gaskiya, kuma babu inda aka rubuta shi, ba a kwali ba, ba a cikin takardar ba. A ganina wannan ne babban laifin masu tantin. Ba su yi ƙarya ba, amma sun bar mai saye ya yi wa kansa ƙarya. Mai ƙaramin tanti na 160 kuwa, in ya yi wannan lissafin zai ga 50 kacal ya rage masa.

Duk wanda ya shiga neman shawara kan waɗannan tantuna zai lura da wani abu nan da nan: kusan duk masu ba da shawarar tabar wiwi suke nomawa. Kasuwar tasu ce, don su aka tsara kayan. Matatar gawayin nan don wari aka yi ta, kuma zif mai hana haske shiga don ita wiwi ba ta son a katse mata duhunta. Akwai ƙasashen da doka ta yarda babba ya shuka 'yan tsiraru a gidansa. Uruguay ta fara a 2013 da guda shida, Kanada ta biyo a watan Oktoban 2018 da guda huɗu a kowane gida, Jamus kuma daga 1 ga Afrilun 2024 ta yarda da uku ga kowane baligi. A akasarin duniya dai har gobe laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma ni ba ita nake shukawa ba. Wani abin dariya shi ne, a daftarin farko na dokar Kanada an ce kada shukar ta wuce santimita 100, sai 'yan majalisa suka cire wannan sharaɗin kafin dokar ta fita. Da alama wani ya tuna musu cewa shuka ba ta karanta doka, kuma babu ɗan sandan da zai riƙa bin gidaje da abin awo.

Na kawo maganarsu ne saboda matsalarmu ɗaya da su, shuka ta fi ƙarfin ɗaki, amma maganin ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya kwashi shawararsu dungurungum ya kai wa tumatir zai sha mamaki. Ita wiwi tsawon dare ne ke gaya mata lokacin fure. Wannan ɗabi'a ta shuke-shuke wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana ta a 1920 bayan bincikensu kan wani irin taba da ya ƙi yin fure har sai da kwanaki suka gajarta. Don haka mai wiwi yana da linzami a hannunsa. Yana ba ta haske awa 18 tana ta ganye, ranar da ya mayar da agogo awa 12 haske awa 12 duhu sai ta juya zuwa fure. A makonni biyu zuwa uku na farko takan miƙe ta ninka tsawonta, wasu irin masu siririn ganye har sau uku, daga nan ta tsaya cak. Duk kukan da suke yi na cewa shuka ta taɓo fitila, daga wannan miƙewar yake, sun bar ta ta yi girma kafin su juya agogo. Amma dai tasu tana da ranar tsayawa.

Tumatir ba ruwansa da tsawon dare. Ka juya agogo yadda ka ga dama, zai yi furensa ya ci gaba da tafiya. Irin mai yaɗo, wanda shi ne akasarin ƙananan tumatir masu zaƙi, ganye uku yake yi ya sa zangarniyar fure, ganye uku ya sa wata, ba iyaka. In ya samu haske da taki yana ƙara santimita 20 ko fiye a mako. Lissafa ka ga makonni nawa zai ɗauka ya cinye 90. A manyan gidajen gilashi na Holand kara ɗaya yana wuce mita goma a shekara, dabararsu kuwa ita ce su rataye shi da igiya mai ƙugiya, duk mako su sassauta igiyar su zame shi gefe, tsohon karan da aka zage wa ganye ya kwanta a ƙasa, kan kuma ya zauna a tsawo ɗaya kullum. Su suna da layi mai tsawon gaske da za su zame shi. Kai kana da santimita 120.

Alamar farko da na gani ita ce ganyen sama. Gefensa ya naɗe sama kamar kwalekwale, korensa ya koɗe ya koma fari-fari tsakanin jijiyoyi, alhali na ƙasa shar da shi. Mutum zai yi tsammanin yunwar taki ce. In ƙarancin abinci ne irin na naitirojin, daga tsofaffin ganye na ƙasa yake farawa. Wanda ya tsaya a kan da ya fi kusa da fitila, ya bar na gefe lafiya, haske ne ya yi masa yawa. LED tana yaudara a nan, domin ka sa bayan hannunka ƙarƙashinta ba za ka ji zafin kirki ba, ba kamar tsofaffin fitilun sodiyom da ke gasa fata ba. Rashin zafin bai hana hasken ƙona ganye. Furen da ke wannan tsawon ma zubewa ya riƙa yi, don na rataya ma'auni daidai wurin na ga yana haura digiri 32, kuma tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya da kyau in zafi ya kai haka.

Nan ragar ta shigo, kuma ita ce abin da ya fi komai amfani cikin kayan, duk da ita ce mafi ƙanƙanta. Igiyoyin roba ne aka saƙa su gida-gida, kowane gida kamar santimita 15, da ƙugiya a kowace kusurwa da za a maƙala a sanda. Ana shimfiɗa ta a kwance sama da tukwane. Duk kan da ya leƙo ta cikin wani gida, sai ka mayar da shi ƙasa ka tura shi gida na gaba. Bayan kwana biyu ya sake ɗago kai yana neman haske, ka sake mayar da shi. A haka shukar ke tafiya a kwance maimakon a tsaye, tana cin faɗin tantin da da ma a banza yake zaune.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke aiki fiye da yadda ake zato. Kan shuka na can ƙoli yana fitar da wani sinadari, oksin, wanda ke gangarowa ta kara yana danne tohon da ke hammatar kowane ganye. Thimann da Skoog ne suka nuna haka a shekarun 1930. Muddin kan nan shi ne a sama, shi ne sarki, sauran suna jira. Ka kwantar da shi ya zama daidai da 'yan uwansa, sai dannewar ta ragu, tohon hammata su farka su miƙe. Ga mai wiwi wannan riba ce tsantsa, kawuna da yawa masu tsawo ɗaya yake nema. Ga mai tumatir riba ce mai haɗe da aiki, domin kowane toho in ka ƙyale shi sabon kara ne mai neman fitila. Ni kara biyu nake bar wa kowace tukunya, sauran ina cire su da farce tun suna kamar tsinken ashana. Ka yi sakaci na mako guda, ka buɗe zif ka tarar da kurmi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a cikin tanti ba karin magana ba ce, umarni ne. Santimita 20 na saman kara suna da laushi, suna bin hannu duk inda ka kai su. Ƙasa da haka ya fara tauri. Lokacin yi ma yana da muhimmanci. Da safe bayan ban ruwa karan a cike yake tam, kana lanƙwasawa za ka ji ƙas, ya karye. Ka bari sai ƙasar tukunya ta ɗan sha iska, ganye ya ɗan saki jiki, sannan ka taɓa shi. In kara ya riga ya wuce raga ya yi tauri, akwai dabarar da masu wiwi ke yi wadda na gwada a tumatir ta kuma yi: ka kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, ka murza a hankali kana matsawa har ka ji cikin ya yi laushi ba tare da fatar ta tsage ba, sannan ka kwantar da shi ka ɗaure. Yatsunka za su yi kore-kore da wannan ƙaurin na ganyen tumatir, kan kuma zai yi yaushi kamar ya mutu. Washegari za ka ga ya ɗago. Bayan mako guda wurin ya yi ƙulli mai tauri kamar gwiwa. In fatar ta tsage, naɗe ta da salatif, yawanci tana haɗewa. Kada ka gwada wannan da barkono. Reshensa ba ya lanƙwasuwa, ɓallewa yake yi daga gaɓa, kuma da ma shi ba ya cika rigimar tsawo, da kansa yake rabuwa biyu-biyu.

To amma ragar tana da nata halin, kuma ba zan rufa mata asiri ba. Ƙugiyoyinta na roba ne masu santsi, sandar ma fentinta santsi gare shi, don haka da shuka ta fara turo ta daga ƙasa sai kusurwa ɗaya ta zame sama, ɗaya ta zame ƙasa. Sai da na naɗa tef a jikin kowace sanda na ɗaure ƙugiyar da waya. Na biyu, roba ce, tana miƙewa. Karan tumatir mai kaurin yatsa ba ya jin tsoronta, yana ɗaga tsakiyarta ta yi tozo, daidai ƙarƙashin fitila inda ka fi buƙatar ta riƙe. Igiyar da ba ta miƙewa, wadda aka ɗaure a firam na katako ko na bututun roba, ta fi ta riƙo nesa ba kusa ba. Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai: ranar da rassa suka shiga raga, tukunya ta zauna ke nan. Ba juyawa, ba fitarwa. In ƙwari suka shiga layin baya, ko ruwa ya taru a farantin ƙasa, sai ka durƙusa ka kutsa kai ƙarƙashin ganye kana laluben abin da ba ka gani. Tantin yana da ƙofar gefe guda ɗaya, ƙarama. Da sun yi biyu, ɗaya kowane gefe, da rabin wannan wahalar ta kau. Hannun mutum ba ya kai santimita 120.

Sai bangon. Fankar zuƙa tana fitar da iska fiye da yadda take shigowa, wanda haka ake so, amma yadin sai ya shige ciki ta ko'ina. Na auna a tsakiya, kowane gefe ya ci kusan faɗin tafin hannu. Ganyen da ya jingina da ledar yana jiƙewa da raɓa, inda raɓa ta kwana kuwa fumfuna na tafe. Ana sayar da sandunan da ake gittawa a tsakiya su tokare yadin, kuma ban ga dalilin da ya sa ba a saka su cikin kwalin ba tun farko. Zif ɗin ma ya fara cije yadi a lanƙwasar sama. Ɗan kakin kyandir da na goga masa ya daidaita shi, amma ina jan sa da lallami.

Abin da ya fi ba ni sarari bai ci ko sisi ba. Na sauke matata da fanka daga cikin tantin na ɗora su a waje, bututu kawai ya shiga ta kafar sama. Nan take 25 ta dawo. Na kuma cire igiyoyin fitilar masu ƙarfen ja, na ɗaure ta kai tsaye a sandar sama da ɗan rata don iska ta ratsa bayanta, wata 10 ta dawo. Mai tumatir ma ba ya buƙatar matatar gawayi sam, ba warin da yake ɓoyewa, da na sani da ban haɗa da ita ba. Fitilar kuma tana da maɓallin rage haske, wanda na ɗauka ado ne sai ga shi ya yi rana: in ka rage ta zuwa kashi 70 cikin ɗari kana iya matso da ita kusa ba tare da ganye ya koɗe ba. Sai dai kada a zarce, domin ƙarancin haske shi kansa yana sa shuka miƙewa. In ka ga tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa tana ƙaruwa, karan yana sirancewa, haske take nema. Cunkoso ma haka yake sa ta, tana jin inuwar maƙwabciyarta sai ta shiga tsere. Tukwane huɗu sun ishi wannan tantin. Shida sun yi yawa.

Akwai wasu dabaru biyu na masu noman furanni da ba a cika faɗa ba. A shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan sun nuna cewa bambancin zafin rana da na dare ne ke tsawaita gaɓoɓi: in rana ta fi dare zafi sosai shuka ta miƙe, in sun yi kusa da juna ta zauna gajera. A tanti wannan yana da sauƙin yi, sai ka kunna fitila da dare lokacin da ɗaki ya yi sanyi, ka kashe ta da rana lokacin da ɗaki ya ɗumama. Ta biyun ita ce motsi. Shukar da iska ke kaɗawa, ko ake shafa kanta da hannu kullum, takan yi gajarta da kauri. Ƙaramar fanka mai juyawa ta wadatar. Ba za su hana tumatir isa fitila ba, jinkirta shi kawai suke yi, amma jinkirin mako biyu a nan zangarniya guda ce ta ƙarin 'ya'ya.

In duk an yi wannan raga ta cika, almakashi ya rage. Ka ƙirga ganye biyu sama da zangarniyar fure ta ƙarshe da kake so ta nuna, ka datse kan. Ganyen biyun nan su ne za su ci gaba da jawo ruwa zuwa 'ya'yan. Daga nan shukar za ta yi ta turo toho ta ko'ina, kai kuma ka yi ta cirewa har 'ya'yan su gama nuna. Wani toho mai lafiya ka tsoma shi a kofin ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu zai yi saiwa, ka samu sabon dashe. Mai wiwi ba shi da wannan gatan in fure ya kankama, yanke kai a lokacin asara ce gare shi, shi ya sa za ka ji su kullum suna cewa a lanƙwasa kada a yanke.

Shin zan ce a saya? Tantin, eh. Firam ɗinsa ya ɗauki nauyin da na rataya masa bai ko gyaɗa ba, yadin bai yage ba, hasken da ledar ke mayarwa kuma ana ganin amfaninsa a ganyen gefe. Wanda rufin ɗakinsa zai ɗauka ya nemi mai 220 ko 240, ko irin wanda ake ƙara wa tsawo da wani zobe na yadi da gajerun sanduna. Wanda zai tsaya a 200 ya zaɓi irin da zai shuka da 90 a ransa: tumatir mai daina tsawo da kansa, ko gajeru irin su Micro-Tom da Jami'ar Florida ta fitar a 1989, wanda ko santimita 20 ba ya cika wucewa, shi ma har bene biyu za ka iya yi masa a ciki. Ragar robar kuwa a saya in ba a da wata, amma a tanadi waya da tef tun ranar farko, a kuma kafa ta ƙasa-ƙasa, kamar santimita 30 sama da bakin tukunya, tun shukar ba ta iso wurin ba.